Yadda Ake Gane Kwafin Kayan Finafinan Kimiyya Mai Kyau Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Yau ba sharhin sabon fim ko waƙa na kawo muku ba. Tun da na ɗora hoton hular kwanon Mandalorian da ke rataye a shagon da nake turin finafinai a Kakuri, saƙonni suka yi ta shigowa: a ina ka samu, nawa ne, orijina ce? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abu ɗaya cikakke da kowa zai riƙa dawowa ya duba.

Kuma ina da dalili. Hular da kuka gani ita ce ta biyu. Ta farko kuɗin da na yi wata uku ina tarawa na tura wa wani mai saida kaya a intanet, saboda hoton da ya nuna min yana sheƙi kamar madubi. Da kayan suka iso sai na ga fentin azurfa ne aka fesa a kan roba mai layi-layi, ga ta ƙarama, kunnena ma da ƙyar ya shiga. Na haƙura. Ranar wata Asabar cikin watan Afrilu na manta da ita a bayan motar yayana a Barnawa, daga azahar zuwa la'asar gefe ɗaya ya lotsa kamar an zauna a kai. Na kira mutumin, lamba ba ta shiga. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Daga nan ne na shiga bincike, abin da na koya kuma shi ne wannan.

Da farko, me ake kwaikwaya?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manyan kayan da muke gani a finafinan kimiyya na da, yawancinsu daga tarkace aka haɗa su. Takobin haske na Luke Skywalker a Star Wars na 1977, mariƙin filashin tsohuwar kyamara ne mai suna Graflex, irin wadda 'yan jarida ke amfani da ita a shekarun 1940. Wani mai tsara kayan fim, Roger Christian, shi ya tsinto su a wani shagon kyamarori a Landan, ya manna musu baƙaƙen layukan roba a wajen riƙo, ya ciro wani ɗan gilashi mai ƙurji-ƙurji daga kalkuleta ya saka. Na Darth Vader ma mariƙin filashi ne, na kamfanin MPP. Na Obi-Wan Kenobi kuwa har da wani ɓangare na injin jirgin sama, da jikin gurneti, da kan famfon banɗaki. Bindigar Han Solo tsohuwar Mauser C96 ce ta Jamus aka ƙara mata tarkace, ta sojojin Stormtrooper kuma Sterling ce ta Ingila.

Wato in da a Kaduna aka yi fim ɗin, Panteka za a je sayayya. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen duk abin da zan faɗa a ƙasa. Kwafi mai kyau shi ne wanda in ka tsayar da fim ka ajiye shi kusa da hoton, za su yi daidai, har da karce da karkacewar. Sheƙi da santsi kaɗai ba sa nuna inganci, sau da yawa ma su ke tona asirin jabu.

Rukunin kayan da ke kasuwa

Kafin ka ce abu ya yi tsada ko ya yi araha, ka fara sanin a wane rukuni yake. Guda biyar ne.

Na ɗaya, na asali, wanda aka yi fim da shi. Shi ma kashi-kashi ne. Akwai wanda Turawa ke kira hero, shi ne wanda kyamara ke matsowa kusa da shi, an yi masa aiki sosai. Akwai na faɗa, wanda ake yi da roba mai laushi don kada a ji wa ɗan wasa ciwo. Akwai kuma na 'yan baya, wanda ba a damu da kyansa ba. Irin waɗannan a manyan gidajen gwanjo ake saida su, kuma ba irin gwanjonmu na Kasuwar Monday ba. A watan Agustan 2022 an saida bindigar Han Solo sama da dala miliyan 1. A Oktoban 2023 gidan gwanjon Heritage ya saida ɗan ƙaramin jirgin X-wing sama da dala miliyan 3.1. A Satumban 2025 kamfanin Propstore ya saida takobin Darth Vader sama da dala miliyan 3.6. Don haka duk wanda ya ce maka yana da na asali a WhatsApp a kuɗin wayar hannu, ka yi masa dariya ka wuce.

Na biyu, mai lasisi. Wannan kamfanin da ya mallaki fim ɗin ne ya ba wani kamfani izinin yin kwafi. Misali Master Replicas da suka yi takubban Star Wars daga 2002 zuwa 2007, da eFX, da Hasbro mai yin Black Series da Marvel Legends. Suna zuwa da kwali mai kyau da tambarin kamfani. Amma lasisi ba ya nufin ya yi daidai da na fim ɗari bisa ɗari. Wani lokaci sukan ƙara wa mariƙi kauri don batir ya samu wuri.

Na uku, aikin hannun masoya. Wasu mutane ne da suka shafe shekaru suna auna hotuna, suna yin guda goma ko ashirin su sayar. A nan ake samun mafi kyau, a nan kuma ake samun mafi muni. Sai ka duba aikin mutum na baya.

Na huɗu, zubin zubi. Wannan shi ne wani ya sayi aikin wani, ya yi zubi a kansa, ya riƙa fitarwa yana saidawa da hoton na ainihin.

Na biyar, abin wasan yara. Ba laifi ba ne, ƙanena ma yana da shi. Laifin shi ne a saida maka shi da sunan kayan ajiya.

Awo shi ne gaba da komai

Duk tallar da ba ta faɗi awo ba, ka tambaya. In ka ga an rubuta 1:1, girmansa ɗaya da na fim, wato hula za ta shiga kai. In ka ga 1:6, kashi ɗaya cikin shida ne, irin 'yan mutum-mutumin kamfanin Hot Toys masu tsawon kusan santimita 30. An sha yi wa mutane wannan: hoton ya nuna hular Iron Man ta cika fuskar waya, kaya su iso ka ga abin da bai fi lemon zaƙi ba.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ce mai kaya ya ɗora tef ɗin tela a kan abin ya ɗauko min hoto, tsawo da faɗi, da kuma faɗin bakin hular ta ciki. Ni ma sai in auna kewayen kaina. Ga takobi, mariƙin Graflex na ainihi kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, to in ka ga na Luke ya yi kauri kamar taɓarya ka san an kauce.

Zubin zubi ma a awo ake kama shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwane a Panteka ya san in aka yi zubi daga jikin wata tukunya, sabuwar takan ɗan ragu, rubutun jikinta kuma ya dushe. Haka abin yake a nan. Kowane zubi yana rage girma kaɗan, gefuna masu kaifi su zama dagwal-dagwal, ƙananan ramuka su cike. In aka yi zubi na uku daga na biyu, hular babba sai ta koma ta yaro.

Da me aka yi shi?

Wannan ne ya cinye min kuɗi, don haka ku nutsu.

Yawancin hulunan da ake tallatawa yanzu da firintar 3D ake buga su. Robar da aka fi amfani da ita sunanta PLA, tana da araha, amma tana fara laushi a zafin da ya kai kusan digiri 60. Cikin motar da aka rufe a rana a watan Maris ko Afrilu yana iya kaiwa nan, haka ma ƙarƙashin kwanon shago marar silin yana gasa kaya. PETG ta fi ta juriya, sai wajen digiri 80, ABS kuma sai ta haura 100. A garinmu, in da hali, ka nemi PETG ko ABS. In mai kaya bai san da wace roba aka yi ba, to ba shi ya yi ba, kuma bai damu ba.

Akwai rezin, wanda ke fitar da ƙananan zane tsaf, amma in ya faɗi a siminti ya fashe kamar tangaran. Akwai fayiba, irin wanda masu gyaran bodin mota ke aiki da shi, yana da ƙarfi, sai dai ka leƙa ciki ka tabbata an goge an rufe zaren, in ba haka ba zai yi ta sukar ka a fuska. Akwai kumfar EVA, wadda masu shigar kwaikwayo ke so saboda ba nauyi, ta dace da sawa a biki amma ba ta ajiyar shekaru ba ce.

Ga mariƙin takobi, mai kyau da alminiyam ake yi. Hanyar ganewa mai sauƙi: ka taɓa shi da safe, ƙarfe zai yi sanyi, robar da aka yi wa fentin azurfa ba za ta yi ba. Ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ƙarar. Mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam, don haka kada ka ce jabu ne don bai kama ba.

Siffa: karkata ma shaida ce

Ga wani abin mamaki. Hular Stormtrooper ta fim ɗin 1977 ba ta daidaita ba, in ka raba ta biyu gefen dama bai yi daidai da na hagu ba, domin da hannu aka sassaƙa ta. Haka ma fuskar Darth Vader wadda Brian Muir ya sassaƙa. Wani Bature, Andrew Ainsworth, shi ya fitar da hulunan Stormtrooper ɗin a wajen aikinsa, har daga baya suka yi shari'a da Lucasfilm, kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a 2011 cewa zai iya ci gaba da saida kwafinsa a can. To in aka ce maka hula ta fim ɗin farko ce amma ka ga komai nata ya daidaita cif kamar kwamfuta ta zana, ba daga ta ainihin aka ɗauko ta ba.

Sannan kowane fim da irin nasa. Takobin Luke a fim na 1977 layukan robarsa bakwai ne, a The Empire Strikes Back na 1980 shida ne kuma an ɗaure su da ƙananan kusoshi. Haƙoran bakin hular Stormtrooper a na farko toka-toka ne, a na biyu baƙi. Mai kayan da ya san aikinsa zai gaya maka daga wane fim ya kwaikwayo. Wanda ya ce maka "ai duk ɗaya ne", ka gane matsayinsa.

Wannan dabarar tana aiki a kan kowane fim, ko abin rufe fuskar Krrish na 2006 ne da muka sha kallo a fassarar Hausa, ko na Black Panther na 2018. Ka tsayar da fim a inda kyamara ta matso, ka ɗauki hoton allon ta gaba da ta gefe, ka ajiye kusa da hoton mai kaya. Ka ƙirga abin ƙirgawa: layuka nawa, ramuka nawa, ina maɓalli yake. Akwai ƙungiyar masoya mai suna 501st Legion da aka kafa a 1997, sun wallafa bayanin kowace shigar mugayen Star Wars dalla-dalla a shafinsu, kyauta ne, ni can nake dubawa.

Fenti da gamawa

Ka kunna tocilar waya ka haska abin ta gefe, ba ta gaba ba. In bugun 3D ne kuma ba a goge shi da sanfefa an cike an sake gogewa ba, za ka ga layuka jere kamar kunyar gona. Ka duba inda aka haɗa ɓangarori, mai kyau ba za ka ga layin haɗin ba. Ka nemi ƙananan ramukan iska a jikin rezin, da inda fenti ya zubo ya daskare, da inda kala ɗaya ta hau kan wata.

Sai tsufantarwa, wato dattin da karcen da ake yi wa abu da gangan don ya yi kama da wanda aka sha yaƙi da shi. Mai kyau yana bin hankali: gefuna da wajen riƙo su ne ke gogewa, datti kuma a lungu yake taruwa. Ka dubi tankin tsohon babur ɗin ɗan acaɓa, za ka ga inda gwiwa ke gogawa ne ya koɗe. In ka ga an yaɓa baƙin fenti ko'ina babu tsari, aikin gaggawa ne, wani lokaci ma ɓoye aibi ake yi da shi.

Wuta da sauti

Takobin haske iri biyu ne. Akwai wanda ƙwan fitilarsa ɗaya ne a cikin mariƙi, yana haska bututun daga ƙasa, haskensa kan ragu can sama. Akwai wanda ake kira neopixel, wanda ƙananan fitilu ke jere cikin bututun gaba ɗaya, shi ne ke tashi a hankali daga ƙasa zuwa sama kamar na fim. Na biyun ya fi kyau a hoto, ya fi tsada, ya fi cin batir. In don karawa da abokai kake so, na farkon ya fi jure duka kuma gyaransa ya fi sauƙi. Bututun ya zama na polikabonet, shi ne ba ya fashewa da wuri.

Batirin yawanci 18650 ne, irin na cikin fawabank da tocila. Na gaskiya bai cika wuce 3500mAh ba, saboda haka in ka ga an rubuta 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta. Ka tabbata ana iya cire shi a canza. Kuma da yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke, kada ka bar shi a caji ka yi barci. Ga hular Iron Man mai buɗewa da kanta, ka ce a yi maka bidiyo ana buɗewa ana rufewa sau goma a jere ba tare da an yanke ba.

Takardar shaida

Takarda ba ta fi wanda ya ba da ita daraja ba. Duk mai firinta a shagon kwamfuta zai iya buga satifiket mai zinariya a gefe. In an ce mai lasisi ne, ka duba sunan kamfanin a kwali, da tambarin mai fim ɗin, in kuma an ce ƙididdigagge ne, lambar jikin allon ta yi daidai da ta takarda. Ka shiga shafin kamfanin ka ga ko sun taɓa fitar da irin wannan kayan ma.

Gargaɗi a kan kwafin bindiga

Wannan ba wasa ba ne. Na faɗa muku bindigogin Star Wars daga bindigogin gaske aka yi su, don haka kwafi mai kyau da daddare ba shi da maraba da makami. Duk wanda ke bin hanyar Sabon Tasha ko Gonin Gora ya san shingayen jami'an tsaro, kuma ya san halin da garinmu ya shiga a baya. Babu wanda zai tsaya jin labarin Han Solo a irin wannan wuri. A Amurka ma tun 1988 doka ta ce a sa wa bindigar wasa jan baki mai ruwan lemo. Ni dai shawarata, ku tsaya a kan hula da takobi da abin rufe fuska. Masu shirya gajerun finafinai da dole sai sun yi amfani da ita, su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da mai unguwa kafin ɗauka, kuma kada a yawo da ita a jakar baya.

Abin da za ka tambaya kafin ka tura kuɗi

1. Daga wane fim aka kwaikwayo, kuma wa ya yi shi?
2. Mene ne awonsa? A turo hoto da tef a kai.
3. Da wace roba ko wane ƙarfe aka yi?
4. A turo bidiyon ainihin wanda za a aiko, a hasken rana, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe.
5. A nuna cikinsa da ƙasansa.
6. In ya iso a fashe ko ba shi ba ne, wa zai ɗauki asara?
7. Kuɗin ya haɗa da na aikowa da na kwastan?

In mutum ya fara fushi tun a tambaya ta uku, Allah ya rufa maka asiri, ka riƙe kuɗinka. In a cikin gari yake, ku haɗu a wuri mai jama'a ka gani da idonka kafin ka biya.

Na ajiya daban, na kyamara daban

Abu na ƙarshe, ka san me kake so ka yi da shi. In na ajiya ne a kanta, duk abin da na lissafa a sama ya shafe ka. In kuma na ɗaukar bidiyo ne, ma'aunin ya canza: ya yi kyau a kyamara, ya yi sauƙin ɗauka, kada ya ji wa kowa ciwo.

Misali yana nan a garinmu. Matasan nan na The Critics Company 'yan Kaduna ne, sun fara finafinan kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suna koyon haɗa hoto a intanet. A 2019 duniya ta san da su, har J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin Star Wars: The Force Awakens na 2015, ya aiko musu da kayan aiki. Ba su jira sai sun mallaki kaya masu lasisi ba.

Ni ma yanzu mariƙin takobin da na fi so ba saye na yi ba. Na tsallaka gada na je Panteka da hotuna a waya, na sayi guntun bututun alminiyam, wani mai walda ya yanka min, na manna robar goge gilashin mota guda bakwai a wajen riƙo. Bai kai na Graflex ba, kuma ba zan taɓa saida wa wani shi da sunan orijina ba. Amma na ƙirga layukan da kaina, na san sun cika.

Wanda ke da wani kaya da yake shakka a kai, ya turo hotonsa ta gaba da ta gefe da ta ciki a wajen sharhi, tare da awo, mu duba tare. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku yadda na goge hula ta biyu na yi mata fenti da kayan da na saya a nan Kakuri.